Baba, Ni Ba Bas Ba Ce

Na san Ustaz Bakri ne a shagon Ammu Hussain da ke unguwar Hayyus Sabi', inda mu ɗalibai muke kai takardunmu a kwafe mana, a ɗinke, a sa bango. Shekarar 2019 ce, ban fi wata biyu da sauka Alkahira ba. Na baro aikin koyarwa a Zariya na zo neman digiri na uku, ina da shekara arba'in da ɗaya, Larabcina kuwa duk na littafi ne. In na buɗe baki a kasuwa sai a yi ta murmushi, kamar liman ne ya sauko daga mumbari yana tayin tumatir. Ranar ina ta fama da mai shagon a kan irin bangon da nake so, sai wani dogon mutum siriri, mai furfura a gefen kai, ya ɗago daga kan injin yankan takarda ya ce da ni cikin Hausa, "Malam, kore kake so ko baƙi? Faɗa mini, ni ne mai yin aikin."

Hausarsa irin ta mutanen Sudan ce, a cike da Larabci, da kuma wasu tsofaffin kalmomi da rabona da jin su tun kakata tana da rai. A Mai Wurno aka haife shi, kusa da Sinnar. Shekara goma sha tara ya yi yana koyar da Turanci a wata makarantar sakandare a Damazin, shi ya sa har Misirawan unguwar suke ce masa Ustaz, duk da cewa hannunsa kullum a cikin gam yake.

A kan kantar da ke bayansa akwai wani ƙaton littafi mai shuɗin bango, da gani shi ya ɗinke shi da hannunsa. Wata rana da la'asar muna shan shayi na jawo shi na buɗe. Gefen hagu Turanci ne, na gane. Gefen dama kuwa wasu dogayen kalmomi ne masu ɗigo-ɗigo a ka, wasula a jere kamar mai rubutun ya yi gyangyaɗi a kan alƙalami.

"Wannan wane yare ne, Ustaz?"

"Yaren 'yata ne," in ji shi. Ya karɓe littafin a hankali ya mayar inda yake.

Labarin bai zo mini a rana ɗaya ba. Guntu-guntu na riƙa samunsa, wani daga bakinsa, wani daga bakin Hajja Fatuma, goggon matarsa, wadda take zaune a unguwar Hayyul Ashir fiye da shekara ashirin tana sayar da turaren wuta.

Sunan matarsa Tasneem. Sun shekara tara da aure kafin Allah Ya ba su haihuwa, 'ya mace, suka sa mata Eman. An haifi yarinyar da rami a zuciya. In ta ɗan yi gudu sai ta tsugunna, leɓɓanta su yi baƙi. Likitoci suka ce sai an yi mata aiki, kuma ba a Damazin ba. Suna cikin wannan shiri ne, a ƙarshen 2016, wasu maƙwabta suka kawo wa Bakri wata takardar koke a kan gonakinsu da aka ƙwace, suka roƙe shi ya juya musu ita zuwa Turanci. Ya juya. Bayan mako biyu wasu mutane a mota marar lamba suka ɗauke shi a ƙofar makaranta, ɗalibansa suna kallo.

Wata goma sha bakwai ya yi a hannunsu. Bai taɓa gaya mini abin da ya gani a can ba. Abin da na sani kawai, yatsunsa biyu na hannun hagu ba sa lanƙwasuwa, kuma ba ya yarda ya zauna ya juya wa ƙofa baya.

Tasneem ta yi wata shida tana nemansa. Babu inda ba ta je ba, kowa ya ce bai san da shi ba. Jikin yarinyar kuma yana ta ƙara tsanani. Sai ta sayar da gwalagwalanta ta ɗauko Eman suka taho Alkahira wajen Hajja Fatuma. Ta je ta yi rajista a ofishin 'yan gudun hijira. Da aka tambaye ta inda mijinta yake ta ce ba ta sani ba, ba ta ma san ko yana da rai ba. Aka rubuta kalma ɗaya ta Turanci a gaban sunansa: missing, wato ya ɓace. Saboda ciwon yarinyar sai takardunsu suka yi sauri. A farkon watan Mayu na 2018 aka sa su a jirgi zuwa Finland, aka ba su gida a wani gari da ake kira Kuopio.

A tsakiyar watan nan ne aka saki Bakri. Ya tarar da gidansu a rufe. Maƙwabta suka ce ai suna Masar. Ya hau mota zuwa Wadi Halfa, daga nan Aswan, daga nan Alkahira. Hajja Fatuma ta ce da ta buɗe ƙofa ta gan shi, sai ta saki tiren da ke hannunta ta yi ta salati, don ita a zuciyarta ta daɗe da yi masa addu'ar mamata. Shi kuwa bai ko gaishe ta ba, ido kawai yake jefawa bayanta, cikin falo.

"Suna ina, Hajja?"

"Shigo ka zauna, ɗana."

"Suna ina?"

"Mako biyar ke nan da tafiyarsu."

A wayar Hajja aka kira su ta bidiyo. Tasneem ta ɗauka, ta gan shi, ta sa hannu ta toshe bakinta. Eman tana da shekara bakwai a lokacin. Ta leƙo ta ga wani ramammen mutum da ba shi da haƙoran gaba biyu yana kuka yana kiran sunanta, sai ta ruga ta ɓuya a bayan uwarta.

Dokar can ta ce in ɗan gudun hijira yana son iyalinsa su biyo shi cikin sauƙi, to a shigar da takarda a cikin wata uku na farko. Bakri ya iso ba fasfo, ba takardar zama a Masar, kuma dole sai da su. Ya yi ta zirga-zirga a cikin zafin bazara, yau nan gobe can. Kafin ya haɗa su wata ukun sun wuce. Bayan haka sai wani sharaɗi ya shigo: sai Tasneem ta sami aikin da zai iya riƙe su ukun. Matar da ba ta jin ko gaisuwa a yaren, ga yarinya ana shirin buɗe mata ƙirji.

Aikin Eman ya yi kyau, alhamdu lillahi. Ta shiga makaranta. Daga nan kuma sai wani abu ya fara faruwa a hankali, wanda babu ofishin da za a kai ƙararsa. Shekarar farko in ya kira, da Hausa da Larabci take ba shi labari. Shekara ta biyu sai ta fara tsayawa a tsakiyar magana ta juya ta tambayi uwarta kalma. A ta uku kuwa yana magana tana gyaɗa kai tana cewa "joo, joo," wato eh, uwar ce take fassara musu a tsakani.

"Malam Iliya," ya ce da ni, "kana gani 'yarka tana tafiya a cikin waya, kamar jirgin ruwa yana barin gaɓa. Na ce to tunda ita ba za ta iya dawowa inda nake ba, bari ni in bi ta."

Ƙamus na Hausa da Finlanci babu shi, ko in akwai bai taɓa gani ba. Na Larabci da ya samu ɗan siriri ne, na matafiya, ina otal, ina banɗaki. Sai ya samo wani dogon jerin kalmomi na Turanci da Finlanci a intanet, ya buga shi a injin Ammu Hussain, ya ɗinke. Shi ne littafin nan mai shuɗin bango. Sai ya yi tunaninsa da Hausa, ya mayar Turanci, sannan ya nemo na Finlanci. Matsalar ita ce jerin ba shi da misalai. Kalmar Turanci guda ɗaya sai a jera mata biyar ko shida a gabanta, waƙafi kawai ya raba su, kai za ka zaɓa. Yana karatu a cikin ƙaramar bas daga Ashir zuwa Sabi', yana karatu yayin da gam yake bushewa. Na ce masa ai waya tana fassara yanzu, me ya sa yake wahalar da kansa. Sai ya harare ni.

"In waya ce za ta rubuta wa 'yata wasiƙa, to waya ce ubanta."

Da Eman za ta cika shekara goma, ya ce zai rubuta mata kati da hannunsa, da yarenta. Ya yanko takarda mai kauri, ya yi mata ado a gefe da jan alƙalami. Abin da yake so ya ce ɗan kaɗan ne: ina kewarki kullum. Turancin bai ba shi wahala ba, I miss you every day. Sai ya buɗe littafin a kan kalmar miss, ya kira ni in zo in gani.

Kalmomi shida ne a jere: neiti, ampua ohi, myöhästyä, jäädä paitsi, kaivata, ikävöidä.

"Kai ma ka san Turanci," in ji shi. "Wannan kalma 'yar ƙarama, harafi huɗu, dubi kayan da Bature ya ɗora mata. In ka harba ba ka samu ba, miss. In bas ta tashi ta bar ka, miss. In ana rabon abu ba ka nan, miss. Budurwa ma Miss ce. Ni kaina an rubuta ni da ita a takarda, an ce na ɓace. Sannan kuma kewa. Shekara goma sha tara ina koyar da ita, ban taɓa lura tana da nauyi haka ba. Su kuma waɗannan mutanen kowane ɗaya sun ba shi sunansa daban. Yanzu wanne ne nawa?"

Ya bi su ɗaya bayan ɗaya kamar mai gyaran jarrabawa. Neiti ya sani, ita ce ta budurwa. Ampua ya taɓa gani a ƙarƙashin harbi, ya cire. Kaivata ta yi masa kama da wata kalma, kaivaa, da ya haddace a kan haƙa rami, ya ce shi ba haƙa zai yi ba, ya cire. Ikävöidä kuwa ya ga ta fito ne daga ikävä, wadda ya tuna an rubuta a gaban abu marar daɗi, mai gundura. Ya ce Allah Ya kiyaye ya ce wa 'yarsa ta gundure shi ranar haihuwarta. Saura biyu. Ya daɗe yana kallonsu, sannan ya ɗora yatsa a kan myöhästyä. Ya ce ita ta fi kama da kalmar zuciya, don ta fi wuyar faɗa.

Ya rubuta da kyakkyawan rubutunsa na malaman da: Minä myöhästyn sinusta joka päivä. Ya ɗauki hoton katin ya aika.

Ina shagon da la'asar aka kira. Yana ɗauka sai muka ji dariya ta cika wurin. Eman ce, ta kifa kai a kan tebur tana dukansa da hannu, hawaye har a kumatu. Ta ɗago ta ce, "Isä, en minä ole bussi!" ta sake kifewa.

"Umm Eman, me ta ce?"

Tasneem ma dariyar take yi. "Cewa ta yi, Baba, ni ba bas ba ce. Abu Eman, ka san abin da ka rubuta? Wannan kalmar ta wanda ya makara ne mota ta tashi. Cewa ka yi kullum kana makara, tana tafiya ta bar ka."

Bakri ya yi dariya har ya dafa kantar shagon. Ammu Hussain bai san abin da ake ciki ba, amma shi ma ya taya su. Ni kaɗai na lura da cewa Tasneem ta daina tata dariyar. Ta miƙe ta fita daga hoton, ba ta ƙara dawowa ba.

Eman ta share idonta, ta gyara zama, ta ɗaga yatsa irin na malamai. Ta faɗi jimlar daidai, a hankali: Minulla on ikävä sinua. Ya maimaita. Ta girgiza kai ta gyara masa baki. Ya sake. Sau biyar ko shida suka yi. Ya tambaye ta, da guntun Finlancinsa da hannu, ashe ikävä ba abu ne marar daɗi ba? Ta ɗan yi tunani, ta ɗaga yatsu biyu, wato duka biyun ne. Da suka gama ya ajiye wayar, ya ce zai ɗauko takarda a sito. Ya shiga ya rufe ƙofa. Ammu Hussain ya dube ni, ya miƙa hannu ya ƙaro muryar rediyo.

Wannan kuskuren ya buɗe masa ƙofar da daidai ba ta buɗe ba. Daga ranar duk Lahadi bayan azahar Eman tana koya masa darasi. Ta ba shi aikin gida, ta gyara, ta ba shi maki, wani lokaci ta ce bai yi ƙoƙari ba. Shi kuma yana ce mata Neiti Eman, yana ɗaga hannu kafin ya yi tambaya. Ran Lahadi ba ya karɓar aikin kowa, ko da gobe ne za ka kare kundinka. Sai ya yi aski, ya sa farar riga, ya zauna a inda haske ya fi kyau. Shekara ɗaya da rabi suka yi a haka, kuma ban taɓa ganinsa da ƙiba irin ta lokacin ba.

Tasneem ta gama karatun kula da tsofaffi, ta sami aiki a wani gida da ake ajiye su. Suka shigar da takarda a 2022. Amsa ta zo bayan wata goma sha ɗaya: aikin nata na wucin gadi ne, bai cika sharaɗi ba. Bakri ya karanta takardar da kansa, da Finlanci, ya gane kusan rabinta ba tare da ya buɗe littafi ba. Ya ce da ni, "Ka ga, karatu ya yi amfani." Daga nan kuma yaƙi ya ɓarke a Sudan, ƙanensa Mahir ya iso da mata da 'ya'ya biyar, suka cika ɗan gidan da yake haya. Eman ta shiga shekara goma sha biyu, ta yi ƙawaye, ta shiga ƙungiyar iyo. Darasin Lahadi ya koma mako biyu sau ɗaya, sannan ya koma in ta samu lokaci. Bai daina yin aski ranar ba.

A watan Yuli na 2024 suka zo hutu, kwana goma sha biyu. Rabonsa da su ido da ido shekara bakwai da rabi ke nan. Ya ɗinka sabuwar jallabiya, ya sa haƙoran roba, ya haddace jawabin maraba mai layi takwas. Na raka shi filin jirgi tare da Hajja Fatuma. Da suka fito sai na ga Eman ta fi uwarta tsawo. Ta tsaya a gabansa, ta miƙa masa hannu, sannan ta tuna, ta bari ya rungume ta. Ya fara jawabinsa, ya yi layi biyu, muryarsa ta ƙi.

A gidan Hajja suka sauka. Zafi ya dami yarinyar, abinci ya ɓata mata ciki kwana uku, hayaniyar Ashir ta sa ta toshe kunnuwa da wayarta. Abin da ya fi ba shi tsoro kuwa shi ne magana. A waya takan yi masa a hankali, irin ta littafi, don ta san darasi ne. A nan kuwa da take magana da uwarta sai ya ji wani abu dabam, gajere, mai sauri, an gutsure kalmomin kai da gindi. Ba ya kama ko ɗaya cikin biyar. In ya yi nasa sai ta yi murmushi na ladabi, irin wanda 'yan kasuwa suke yi wa Larabcina. A kwana na huɗu ta gaji, ta ce masa da Turanci, wanda ta koya a makaranta, ai za su iya yin wannan, ya fi sauƙi. Ya ce to.

"Turanci, Malam Iliya," ya ce da ni washegari. "Yaren da nake koya wa 'ya'yan mutane. Da shi nake tambayar 'yata ko ta ƙoshi."

Rana ɗaya ce ya ce ba zai manta ba. Ya kai su yawo a kwalekwale a kan Nilu da hantsi. Iska tana kaɗawa, Eman ta cire abin sauraron waya daga kunnenta. Ya nuna mata ruwan ya ce wannan ruwan ta ƙofar garinsu ya biyo kafin ya iso nan. Ta daɗe tana kallon hannunsa na hagu, sannan ta tambaye shi abin da ya sami yatsun. Ya ce ƙofa ce ta datse shi. Ta ce, "Mama ta gaya mini gaskiya." Ta kama yatsun biyu ta riƙe, ba ta sake su ba har suka dawo gaɓa.

A kwana na goma, bayan karin kumallo, Hajja Fatuma ta ja Eman suka tafi kasuwa. Tasneem ce ta roƙe ta. Suka rage ita da Bakri a falo. Abin da aka faɗa a wurin daga bakinsa na ji, kuma bai ƙara mata ko kalma ɗaya ta laifi ba.

"Abu Eman, ina so ka sawwaƙe mini."

Ya ce sai da ya ji kamar an sake tsayar da motar nan a gabansa. Ya tambaye ta, "Akwai wani ne?"

"Wallahi babu. Da akwai ma da ya fi mini sauƙin faɗa." Sannan ta ci gaba. "Na yi maka kuka irin na mamaci tun a Damazin. Na binne ka a zuciyata don in iya ɗaukar yarinyar nan in taho. Sai ka dawo, amma a cikin waya. Ranar da aka yi mata aiki awa bakwai na yi a tsaye a ƙofar ɗakin tiyata, ba wanda zan ce wa ina jin tsoro da harshena. Na koyi zama ni kaɗai don ba ni da zaɓi, yanzu kuma na kasa koyon wani abu. Duk hanya ina ce wa kaina in na gan ka zai dawo. Shekaranjiya da ka ƙwanƙwasa ƙofa, ban san lokacin da na jawo mayafi na rufe kaina ba, kamar baƙo ne ya zo. Ka gani, kai ma ka gani."

"Na gani."

"Ba ka yi mini komai ba. Ba kai ka ɗauke kanka ba. In kana so mu bar takardu yadda suke har ka samu shiga, saboda Eman, na yarda. Ba wanda zai sani."

Ya ce ya daɗe yana kallon tabarmar da ke ƙasa. Wannan ita ce hanyar da ya shekara shida yana jira, ga ta an miƙo masa.

"A'a, Umm Eman. Ba zan shiga ƙasar mutane da auren da babu shi ba. Kuma ba zan zauna a gidanki kina rufe kai in na shigo ba, yarinyar tana kallo."

Da yamma ya kira ni da Mahir mu zama shaida. Na ja shi gefe na roƙe shi ya dakata, ko wata shida ne, mata sukan faɗi abu cikin gajiya. Ya ce, "Ya Malam, ba cikin gajiya ta faɗa ba. Ta riga ta huta ne sannan ta faɗa. Khalas, an gama." Ya rubuta saki ɗaya da Larabci, ya ninke takardar sau biyu, ya ba Hajja Fatuma ta miƙa mata. Bayan haka ya tambayi Hajja ko akwai sauran maganin cikin Eman, don kada ya tashi mata a jirgi.

Ranar tafiya da safe muka sake zuwa filin jirgi. An riga an gaya wa Eman. Tun daga gida ta sa fuska a tagar mota. A wurin da ake tsayar da masu rakiya Tasneem ta yi mana sallama, ta ce masa, "Ka yafe mini." Ya ce, "Babu komai tsakaninmu sai alheri. Allah Ya kai ku lafiya." Ta tura kayansu ta yi gaba.

Eman ta bi ta taku uku ko huɗu, sai ta juyo da gudu. Ta ƙanƙame shi, ta sa baki a kunnensa ta faɗi wata magana da Finlanci, da sauri, tana kuka. Jimla biyu ce ko uku. Sannan ta sake shi ta ruga, ba ta waiwayo ba.

Ya tsaya a wurin har suka ɓace. A cikin tasi Hajja Fatuma ta tambaye shi me yarinyar ta ce. Sai da muka wuce wata gada sannan ya ce, a hankali, "Ban ji ba, Hajja. Ta yi sauri."

"To ai sai ka ce ta maimaita."

"Tana kuka ta faɗa. Ta ɗauka na ji."

Kafin mu shiga Ashir ya ce wa direba ya tsaya, zai ƙarasa da ƙafa. Rana ta take sosai. Muka bar shi a bakin titi cikin sabuwar jallabiyarsa.

Na gama karatuna a shekarar da ta biyo baya na dawo gida. Muna gaisawa a waya lokaci-lokaci. Wani lauya ya ce masa akwai 'yar hanya ta wajen Eman kafin ta cika shekara goma sha takwas, amma kada ya sa rai sosai. Ya shigar da takardar, yana jira. Tasneem ba ta yi aure ba, a iya sanina. Eman takan rubuto masa wata-wata, layi biyu ko uku, da Turanci. Na sha ce masa ya tambaye ta abin da ta faɗa ranar, tun kafin ita ma ta manta. Kullum sai ya ce in sha Allahu, in ta ƙara girma. Har yau bai tambaya ba.